Tambaya da Amsa: Wane Haƙori Ya Dace da Manjagarar Ciyawa?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da damina ta fara ja da baya, saƙonnin da ke shigo mini nan Gombe sun koma kan yankan ciyawa da busar da ita da tattara ta. A da in an ce ingirici, lauje ne da igiya da jaki. Yanzu masu kiwon turke da masu shanun nono sun fara shuka ciyawa da gangan, wasu har sun sayo manjagarar da tarakta ke ja. Na ware tambayoyin da suka shafi haƙoran manjagara don wannan fitowa. Masu tambaya kan injin ban-ruwa su yi mini haƙuri sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Tambaya: Malam, ina da fili hekta 12 kusa da Dadin Kowa. Na shuka ciyawar Rhodes da na samo irinta daga cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, da ɗan lablab (wani wake da ake shukawa don dabbobi) a gefe guda. Bara na sayi tsohuwar manjagara 'yar Beljiyam mai wili huɗu. Haƙoranta sun ci, wasu sun karye, wasu sun miƙe. Mai sayar da kaya ya ce yana da na milimita 6.5 da na 7 da na 8. Mai walda kuma ya ce zai yi mini na rodi mai milimita 10 wanda ba zai taɓa karyewa ba, a rabin kuɗi. Ga masu saye suna ƙorafin ƙasa a cikin ciyawar. Wanne zan ɗauka? Daga wani Alhaji, Yamaltu Deba.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka sayi na milimita 7, ka ba mai walda haƙuri. Sai dai ƙorafin masu saye ya fi damuna a kan karyewar haƙora, kuma sabon haƙori shi kaɗai ba zai kawar da shi ba, don haka ka ba ni dama in ɗan tsawaita.

Ka tsaya gaban wili ɗaya ka dube shi da kyau. Irin wannan manjagara da ke shigowa ƙasarmu yawanci ƙirar Italiya ce, kamar Sitrex da Enorossi. Faɗin wili kusan mita 1.4 ne, yana ɗauke da haƙora 40. Kowane haƙori doguwar waya ce da ta taso daga cibiyar wili, ta ratsa wata 'yar huda a jikin zoben ƙarfe, sannan ta lanƙwashe a waje. Ba inji ke juya wilin ba. Haƙoran ne ke shafar tushiyar ciyawa yayin da tarakta ke tafiya, sai wilin ya juya da kansa. Idan bakin haƙori ya ci karo da dutse ko kututture, wayar takan murɗe a tsakanin cibiya da zobe, ta ba da hanya, ta koma yadda take. Ƙarfen sifirin ne da aka gasa aka sanyaya bisa ƙa'ida don ya jure wannan murɗawa sau dubbai, kuma kuɗin da kake biya na wannan murɗawar ne.

Rodi kuwa ƙarfen gini ne, an yi shi don ya zauna cikin kankare. In ya lanƙwashe, ya lanƙwashe ke nan. Mai walda bai yi maka ƙarya ba da ya ce ba zai karye ba, amma abin da ke bayansa zai karye. Taurin waya yana hawa da sauri fiye da kaurinta: na milimita 8 ya fi na 7 tauri da kusan kashi 70 cikin 100, rodi mai milimita 10 kuma ya ninka na 7 sau huɗu. Duk bugun da haƙori ya ƙi shanyewa zai wuce kan zobe, daga nan kan boris, daga nan kan hannun da ke riƙe da wili. Canza haƙori aikin sifana ne na 'yan mintoci a cikin gona. Boris da hannun wili kuwa sai an aika Kano ko Kaduna, wani lokaci ma sai an yi oda daga waje, ciyawa na kwance a fili hadari na haɗuwa. Araha ba ta ado, Alhaji.

Na milimita 6.5 yana da kyau ga ciyawa marar nauyi a fili mai laushi. Rhodes da ta sha taki da ruwa tana da nauyi, za ta riƙa tanƙwara shi baya ta zame ta ƙarƙashinsa. Na 7 ya fi shi tauri da kamar kashi ɗaya cikin uku, kuma wannan ya ishe ka. Na 8 na masu tara karan masara ne, a filin ciyawa ƙasa zai riƙa kartar maka. Kafin ka biya kuɗi ka kwance tsohon haƙori guda ka tafi da shi shagon, a auna kaurinsa ta wajen cibiya inda bai ci ba, a ɗora shi kan sabon a ga ko lanƙwasarsu ɗaya ce. Akwai wilin dama akwai na hagu, kuma kamfanoni sun bambanta wajen tsawo da yadda gindin haƙori ke zama a cibiya.

Akwai aikin da za ka ba mai waldan, kuma aiki ne na gaske. Ka sa yatsa ka shafa hudojin zoben ɗaya bayan ɗaya. A tsohuwar manjagara za ka tarar wasu sun ci sun ja tsawo, bakinsu ya yi kaifi. Haƙori na rawa a ciki, bakin hudar na yi masa wuya a hankali, kuma daidai wurin yake ɓallewa. In ka tara karyayyun haƙoranka za ka ga kusan duk a tsawo ɗaya suka karye. A cike hudar da walda, a sake huda ta daidai kauri, a goge bakinta ya yi santsi. In ba a yi haka ba, sabbin haƙoran ma ba za su ga kaka biyu ba. Shi kansa haƙori ba a yi masa walda, domin wuta na kashe sifirin ɗinsa, ya karye a gefen ɗinkin.

Wili huɗu haƙora 160 ke nan. In kuɗin bai kai ba, kada ka cakuɗa sabo da tsoho a wili ɗaya, domin sabon ya fi tsawo, shi zai riƙa tonon ƙasa tsohon na wucewa ta saman ciyawa. Ka sa sababbi zalla a wili biyu na baya, su ne ke tura dukan abin da na gaba suka miƙo musu. Tsofaffin da ke da sauran rai ka zaɓi masu tsawo ɗaya ka cika na gaba da su. Wajen ɗaurawa a lura: ta gefen da wili ke hawa sama, bakin haƙora ƙasa zai kalla, don ciyawa ta zame ta faɗi. In aka juya su, ciyawa za ta riƙa hawa tana naɗe cibiya.

Yanzu maganar ƙasa. Direbobi da yawa gani suke aiki bai yi kyau ba sai fili ya fita tas, ko sili ɗaya bai rage ba. Sai su saki sarƙa ko sifirin ɗin da ke ɗauke nauyin wili, wilin ya kwanta da dukan nauyinsa. Ni in na hango ƙura na bin manjagara daga bakin titi, na san abin da ke cikin damin tun kafin a ɗaure shi. A ɗakin gwaje-gwaje ƙona ciyawa ake yi a auna tokar da ta rage. Masu binciken abincin dabbobi a Amurka sun nuna tokar jikin tsiron kansa kashi 6 ce zuwa 8 cikin 100, abin da ya hau kan haka yawanci ƙasa ce, kuma manjagara mai wili ce ta fi sauran kwaso ta, tunda sai ta shafi ƙasa take juyawa. Ka ƙaddara taka ta ba da 14 maimakon 8. A kowane tan ɗaya ka sayar wa mutum kilo 60 na ƙasa, ya fi buhun siminti, ka karɓi kuɗin ciyawa. Yashi ba ya zama nono, yana cin haƙoran dabba, yana rage mata ci. Masu saye suna da gaskiya, kuma haƙƙinsu ne a kanka. In kana son gani da idonka, ka kwance dami ɗaya ka karkaɗe shi a kan shimfiɗaɗɗen buhu.

Ga yadda nake saita ta. A kai tarakta wuri mai daɓe ko ƙasa mai tauri da ta daidaita. A sauke manjagara, a riƙa murɗa sandar sama da ke haɗa ta da tarakta har wili huɗun su taɓa ƙasa lokaci guda. Sannan a ɗaure sifirin na kowane wili har ya zama hannu ɗaya na ɗaga shi ba tare da nishi ba, kuma duka huɗun nauyinsu ɗaya a hannu. A shiga fili a yi tafiyar mita 50, a tsaya, direba ya sauko ya tsuguna ya duba. Tushiya ta kwanta gefe guda amma babu zane a ƙasa, to an dace. In akwai zane, a ƙara ɗagawa. 'Yar ciyawar da za ta rage a fili ba ta kai asarar sunanka a kasuwa ba, kuma shanunka za su tsince ta.

Rabin matsalar ma daga injin yanka take farawa. In an aske ciyawa har ƙasa, haƙori ba shi da abin da zai shafa sai yashi. A bar tushiya mai santimita 8 zuwa 10, wato faɗin tafin hannu. Yankakkiyar ciyawa za ta zauna a kanta, iska na ratsa ƙarƙashi ta bushe da wuri, wili ya sami abin da zai juya shi, ita kuma Rhodes ta fi saurin tohowa. Da rani a tone kututture, a rushe suri, a cike ramuka. In filinka baƙar laka ce mai tsagewa, kada a shiga da tarakta tana jiƙe, domin sawun taya in ya bushe shi zai riƙa cinye maka haƙora har ƙarshen kaka. A bi da manjagara ta inda injin yanka ya bi. Kuma in da hali kada ka biya direba da hekta, gudu zai yi, wili ya riƙa tsalle. Ka biya shi da yini, ka ƙara masa wani abu in ciyawa ta fita da tsabta.

Lablab ɗin kuma ka karanta amsar da ke biye, hukuncinsu ɗaya da harawa.

Tambaya: Malam, mu ƙungiyar mata ce masu turka raguna don sallar layya. Muna noma gyaɗa da wake, harawar muke ajiyewa. 'Yan ƙwadago sun yi tsada, shi ne wani ya ce mu ɗauko hayar manjagarar tarakta ta tara mana. Wane irin haƙori za mu ce a sa mata don kada ganye ya zube? Daga wata Hajiya, Kumo.

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka a ƙungiya. Babu irin wannan haƙori, kuma ina roƙonku kada ku kashe kuɗin hayar. Dalili biyu ne.

Gyaɗarku da wakenku a kan kunya suke. An ƙera manjagarar tarakta don shimfiɗaɗɗen fili. In ta bi kunya a tsaye, wili ɗaya na kan tudu yana nome shi, ɗaya na lilo a kwari bai taɓa komai ba. In ta ratsa a gicciye, tsalle za ta yi ta yi. Gyaɗa kuma tumɓuke ta ake yi, babu tushiyar da ta rage, ƙasar a sake take. Abin da za a tara muku rabi harawa rabi turɓaya.

Na biyun shi ne ganye. Kin fi ni sanin yadda ake ciniki a kasuwa: mai saye zai ɗaga ƙunshi ya duba kore ne, ya girgiza ya ga ko ganyen na nan. Abincin da ke gina jikin rago a harawa ya ninka na karan dawa fiye da sau biyu, kuma mafi yawansa a ganye yake. Ganye na riga kara bushewa. Lokacin da karan wake ke da sauran danshi, ganyen ya riga ya yi ƙamas, ɗan bugu kaɗan ya ruguje. Haƙoran ƙarfe 40 na juyawa a kansa da tsakar rana, sanduna kawai za ku kai gida.

Abin da zai rage muku kuɗin ƙwadago shi ne lokaci. A juya harawa a tattara ta da sassafe raɓa na kanta, daga bayan asuba zuwa hantsi, sannan ganye na da laushi. Da rana ta take a bar ta. A yi amfani da hannu ko sanda mai baki biyu, a ɗaga a ajiye, ban da ja a ƙasa. Ga gwaji: ki damƙi cikin hannu ki murɗa. In ruwa ya fito, da saura. In ta murɗu kamar za ta karye amma ba ta karye ba, lokacin tattarawa ne a jera ta ƙarasa bushewa. In ta fara ƙas-ƙas tana karyewa, lokacin ɗauri ne, shi ma da safe. Masana na cewa a tara irin wannan tsiro yana da danshi kashi 35 zuwa 40 cikin 100, a ɗaure shi in ya sauko ƙasa da 18. Wanda ke da lablab a shimfiɗaɗɗen fili zai iya sa manjagara a wancan lokaci na farko, a hankali, sau ɗaya tak.

In kuna shuka gyaɗa mai saurin nuna irin SAMNUT 24, wadda ke isa cikin kwana 80 zuwa 90, za ku cire ta ruwa bai ɗauke ba. Ku tanadi rumfa ko ku ɗora harawar kan itace daga ƙasa. Wadda ta yi baƙi ko fumfuna kada a ba rago.

Tambaya: Oga, ni direban tarakta ne. Maigidana na da tsohuwar manjagara ƙirar New Holland 256, mai sanduna biyar da ke juyawa. Wasu haƙoran na roba ne a gindi, wasu na naɗaɗɗen sifirin. Wanne ya fi? Kuma yana tunanin sayar da ita ya sayi mai juyawa da shaf ɗin tarakta. Daga wani matashi, Alkaleri, jihar Bauchi.

Amsa: Ƙanena, ka gaya wa maigidanka ya riƙe abinsa. Tana share faɗin kusan mita 2.6, tayoyinta ne ke juya sandunan, don haka ana iya ɗaga haƙoranta sama da ƙasa gaba ɗaya, abin da mai wili ba za ta iya ba. Ka saita su su wuce da tazarar santimita 2 zuwa 3, kaurin yatsa biyu.

Mai gindin roba ya fi daɗewa a fili mai duwatsu, yana lanƙwasa kowane gefe, ciyawa ba ta maƙalewa a gindinsa, kuma ba ya yawan ɓallewa ya faɗa cikin layin ciyawar da aka tara. Abokin gabansa ranarmu ce. Manjagarar da ta kwana a fili daga Nuwamba zuwa Afrilu, robar za ta bushe ta tsattsage. Ka tanƙwara haƙori da hannu ka dubi gindin, in ka ga tsaga ta buɗe baki a cire shi. Na sifirin ya fi araha kuma rana ba ta dame shi ba, amma yana gajiya a wurin naɗin ya karye, guntun ya tafi cikin ciyawa. Ni zaɓina na roba ne, da sharaɗin a yi mata rumfa. In babu rumfa, a sa na sifirin a riƙa ƙirga su. Ko wanne aka zaɓa, sanda ɗaya iri ɗaya, tsawo ɗaya.

Ka saurari ƙararta. In kana jin ƙyas-ƙyas a kowane juyi, wani haƙori ya karkace yana gugar ƙarafan da ke zare ciyawa daga haƙora. Ka zura masa guntun bututu ka daidaita shi kafin ya ci ƙarfen. In kana son layi ya tashi sako-sako iska ta shiga, ka ɗaga bakin kwandon da sandunan ke juyawa a ciki sama kaɗan. In iskar hunturu na watsa layi, ka sauke shi layin ya matse.

Mai juyawa da shaf, irin na Kuhn ko Krone, gaskiya ta fi kowa iya layi mai tsabta, kowane hannu na ɗauke da tagwayen haƙora uku ko huɗu. Amma kututture ɗaya ya isa ya tanƙware hannu, kuma akwatin giyarta ba kowane makanike ke taɓa shi ba. Sai wanda filinsa ya gyaru sarai.

Tambaya: Malam, ni lauje nake sawa in yanki kyasuwa da harkiya in busar in kai kasuwa. Manjagarar da nake da ita ta ƙarfe ce ta sharar gida, tana cika da ciyawa tana kwaso tsakuwa. Yaya zan yi? Daga wani ɗalibi, Dukku.

Amsa: Ɗana, Allah ya yi wa neman albarka. Wannan sana'a ce mai kyau, kuma na ji daɗin tambayarka. Ta sharar gida haƙoranta gajeru ne, a matse, masu tsini, an yi su don su kama ƙasa. Kai ta itace kake buƙata, kuma kafinta ko mai sassaƙa ƙota zai yi maka ita a yini ɗaya.

Kan manjagarar ya kai santimita 60 zuwa 70. A huda shi a jere da tazarar yatsa uku, zai ɗauki haƙora 11 ko 12. Tsawon haƙori santimita 10, kaurin ɗan yatsa, bakin a dakushe shi ya yi mulmul don ya zame a kan tushiya. A sassaƙa haƙoran da busasshen marke ko kirya, shi kuwa kan a yi shi da itacen da bai gama bushewa ba. Yayin da yake bushewa zai tsuke ya damƙe haƙoran, ba sai an sa ƙusa ba. A ɗan karkato su wajen mai ja. Mariƙin ya zama gora marar nauyi da ta ɗara tsayinka, don ka yi aiki a miƙe bayanka bai ƙage ba. Wajen ja kada ka danna, nauyinta kawai ya isa. In haƙori ya karye ka fiƙe wani da wuƙa a nan gindin bishiya.

Kada ka yarda a yi maka da ƙusoshi, za ka ga dalili a amsa ta gaba. Sannan ka yanki kyasuwa tana fara fitar da kai, kafin ta yi fari. Na san a lokacin ruwa bai gama ɗaukewa ba, busarwa na da wuya, amma wadda ta tsufa ta bushe a tsaye cika ciki kawai take yi. Wurin da ƙarangiya ta yi yawa ka tsallake shi, mai doki ko mai rago da ya taɓa samunta a daminka ba zai dawo ba.

Tambaya: Malam, bara na sayi ciyawar bela, wato wadda inji ya matse ya ɗaure, na ba shanu da rani. Wata saniya mai nono ta daina ci, ta rame, muka yanka. Mahauci ya ciro guntun waya mai kauri, tsawon yatsa, ta huda tumbi. An ce haƙorin injin ciyawa ne. Haka na faruwa? Daga wani Arɗo, Wawa-Zange.

Amsa: Allah ya ja zamanin Arɗo, Allah ya mayar da mafi alheri. Yana faruwa ƙwarai. Akuya da tunkiya da leɓe suke tsince abinci, saniya kuwa harshe take sawa ta naɗo ta haɗiye, sai daga baya ta yi tuƙa. Ƙarfe na da nauyi, sai ya sauka cikin ɗan sashen tumbi na gaba mai rami-rami, wanda ke dab da zuciya. Duk motsin tumbi na tura shi, har ya huda, wani lokaci ya kai ga jakar zuciya.

Alamunsa: nono ya faɗi farat ɗaya, ta daina ci da tuƙa, ta tanƙware baya, tana nishi in za ta kwanta ko za ta tashi, tana ƙin gangara, jiki da zafi. In ya daɗe ƙirji na kumbura. Ranar da aka ga haka a kira likitan dabbobi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Akwai maganaɗisu na musamman da ake ɗura wa saniya ta baki, ya zauna a wannan sashe har ƙarshen rayuwarta yana kama ƙarfe. In an yi da wuri, tare da allurar kashe ƙwayoyin cuta, sau da yawa tana tashi. Shanun nono masu tsada da ke cin ciyawar bela kullum, ni ina ganin a tambayi likita a sa musu tun suna lafiya.

Ba haƙorin manjagara kaɗai ke yin wannan ba. Wayar tsohuwar taya da aka ƙona, ƙusa, da wayar ɗauri duk suna yi, don haka a duba inda shanu ke kwana da inda suke bi kusa da gari. Bela kuwa kada a jefa ta a ɗaure. A sa yaro ya kwance ya warware ta da hannu a kan buhu ko tabarma kafin a zuba a kwami.

Ku kuma masu manjagara, Alhajin Yamaltu Deba da direban Alkaleri da sauranku, ku ƙirga haƙora kafin a shiga fili, ku sake ƙirgawa kafin injin ɗaure bela ya bi layi. In ɗaya ya ɓace a tsayar da aiki, a bi layin da ƙafa, a ja maganaɗisun tsohuwar sifika da igiya ta gefensa har a samo guntun.